Ɗalibin SIWES a gareji

Tun 1973 asusun ITF ya ɓullo da shirin SIWES, don ɗalibin kwalejin fasaha ya bar allo ya je ya taɓa inji da hannunsa. Tunani ne mai kyau. Amma leƙa wani gareji ka ga yaron da aka turo: yana zaune kan tsohuwar taya, ana aikensa sayo shayi, da yamma ya cika littafin rahoto da aikin da ko sufana bai riƙe ba wajen yinsa. Malaminsa kuwa sau ɗaya zai leƙo, ya sa hannu, ya wuce. Ni ban ga laifin ogan garejin ba. Wa ya zauna da shi tun farko aka tsara abin da yaron zai koya kowane mako?