Yawon Buɗe Ido Da Yara Cikin Marka: Darasin Da Na Koyo A Daura



Dogon hutun makaranta a cikin damina yake faɗowa, kuma watan Agusta, lokacin marka, shi ne lokacin da yara ke damunki da "Umma, yaushe za ki kai mu yawo?" A Amurka akwai iyalan da ke da mota mai ɗaki a ciki, da gado da madafi, duk inda dare ya yi musu su kwana. Mu motarmu ta haya ce, masaukinmu ɗakin gwaggo, don haka sai mun ɗauki shirinmu a jaka.

Bara na tashi daga Sandamu da yarana uku zuwa Daura, domin babbar ta karanta labarin Bayajidda a makaranta ta ce sai ta gani da idonta. Na ce Daura ai bayan gida ce, kafin la'asar mun dawo. Ko zani ɗaya ban ƙara ba.

Mun isa Rijiyar Kusugu da hantsi. Yaran suka leƙa, suka ji labarin macijin da ake kira Sarki, wanda ya hana mutanen gari ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, da tsohuwa Ayana da ta sauki baƙo, da Sarauniya Daurama da ta aure shi bayan ya kashe macijin. Muka wuce ƙofar fadar Mai Martaba Sarkin Daura, Alhaji Umar Faruk Umar, wanda ke kan karaga tun 2007. Muna tsaye hadari ya taso daga gabas. Kafin mu sami adaidaita sahu an tsuge da ruwa kamar da bakin ƙwarya.

A jiƙe sharkaf muka shiga gidan gwaggona. Ruwa bai tsagaita ba har isha'i. Da na yi zancen tafiya ta ce, "Ke 'yar nan, da hankalinki? Jikokina ba za su bi hanya cikin daren nan ba." Muka kwana a tabarma, babu gidan sauro, ni kuma kunya ta hana ni tambaya. Bayan kwana 12 autana mai shekara 6 ya tashi da jiki zau da amai. Gwaji ya nuna zazzaɓin cizon sauro ne, sai da muka kwana biyu a asibiti. Ba zan rantse a daren nan ya ɗauko shi ba, amma a gida kullum cikin raga yake kwana, kuma ciwon yakan bayyana ne kwana 10 zuwa 15 bayan cizo. Ni da nake yi wa mata faɗa kan gidan sauro a wurin aiki!

Ban daina fita da su ba, tafiya mabuɗin ilimi ce. Jakata ce ta canza.

Gidan sauro yana ciki ko da ban yi niyyar kwana ba. Nauyinsa bai kai na turmin atamfa ba. Idan kina da yaro daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5, ki duba ko tafiyar za ta ci karo da ranar da masu raba maganin rigakafin zazzaɓi na damina ke bin gida-gida. Wata-wata ake ba da shi, kwana 3 a jere, tsallake zagaye ɗaya yana barin yaro babu kariya.

Kowane yaro yana da kaya kala ɗaya a ƙulle cikin leda. Da kun sami mafaka ki cire masa jiƙaƙƙun, ki goge shi, musamman jariri da ke saurin ɗaukar sanyi. Kada ki shigar da garwashi ɗaki ki rufe ƙofa don ɗumama su. Iskar da gawayi ke fitarwa ba ta da wari, kuma tana kisa cikin barci.

Ruwan sha daga gida nake tafiya da shi, da ƙullin ORS. Damina lokacin amai da gudawa ne, saboda kwata na malala cikin rijiyoyi. In babu ƙullin, ki zuba ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe da rabin ƙaramin cokali na gishiri cikin lita 1 ta tafasasshen ruwa da ya huce, ki riƙa ba shi kaɗan-kaɗan kuna hanyar asibiti.

Idan ana tsawa, kada ku fake a gindin bishiya. Ku shiga shago ko wani gida, ko ku zauna cikin mota a rufe. Kada kuma ki bar yaro ya taka ruwan da ke gudu a kwararo, domin ba kya ganin bakin magudana, kuma ruwan da bai kai gwiwarki ba yana iya tafiya da shi. In direba ya nufi ratsa ruwan da ya shanye titi, ki buɗe baki ki ce a sauke ku. Gara a ce kin cika tsoro.

Sai tsarin yini. A wajenmu hadari ya fi tasowa da yamma, don haka wurin fili da safe, wuri mai rufi bayan azahar. In Kano kuka nufa ta Kazaure da Dambatta, ku hau Dutsen Dala da sassafe, ku bar Gidan Makama sai an jima. In Katsina ce, ku fara da Hasumiyar Gobarau.

Bayan kun dawo, duk zazzaɓin da ya taso ki kai yaro gwaji a ranar, kada ki tsaya cewa gajiyar hanya ce. Suma, taune-taune, ƙin shan nono ko amayar da komai, waɗannan ba sa jiran gari ya waye.

Bana ma za mu koma Kusugu in Allah Ya yarda, kuma na saya wa gwaggo gidan sauro biyu tsaraba. Ke fa uwargida, ina za ki kai naki, kuma me ba kya barin gida sai da shi?

Allah Ya raya mana zuri'a. Sai mako mai zuwa.