Gara Ta Ci Rabin Takardar Kawu, Amma Na Samo Ta A Waya

Yau babu labarin sabon fim, babu rigimar jarumai. Maganar eriyar rediyo na zo da ita. Na san wani zai ce, "To mu ina ruwanmu da eriya?" Ku ɗan yi haƙuri ku bi ni, kafin mu kai ƙarshe za ku ga inda ta shafe mu.

Da Sallar da ta wuce na je gaida kawuna, ƙanin mahaifiyata, wanda ya fi shekara 30 yana gyaran rediyo. Na tarar da shi ya zazzage wani tsohon kwali a tsakar gida, ransa a ɓace. Gara ce ta shiga. Cikin abin da ta yi wa ɓarna har da wasu shafuka 3 na fotokwafi da wani malaminsa ya ba shi tun yana koyon aiki, bayani ne da Turanci a kan yadda ake haɗa eriyar waya don kama gajeren zango. Kuma daidai wajen da aka rubuta awon wayar garar ta cinye. Abin da ya rage a ƙasan shafi shi ne shekara da lamba 73.

Sai ya ce min, "Kai da kullum kanka na kan waya, duba min mana ko za a dace." Na ce, "To Kawu," amma a raina na ce wannan ai neman allura ne a cikin rairayi. Ni duk zatona 73 ɗin lambar shafi ce. Ashe sunan mujallar ke nan.

Mujallar 73 ta Amurka ce. Wani mai suna Wayne Green ya kafa ta a 1960, ta yi ta fitowa har 2003. Kuma kaf ɗinta tana nan a rumbun Internet Archive, kowa zai iya buɗewa ya karanta kyauta. Na bi fitowar shekarar wata bayan wata, ban cika awa guda ba sai ga zanen nan, da awonsa cif. Da na miƙa wa Kawu wayar, ya daɗe yana kallo bai ce komai ba.

Su waye masu wannan mujalla? A ƙasashe da yawa akwai mutanen da rediyo ce sha'awarsu, kamar yadda fim da waƙa suke namu. Suna yin jarrabawa, hukuma ta ba su lasisi da lambar kira, sai su riƙa magana da junansu ta iska daga ƙasa zuwa ƙasa, ba don kuɗi ba. Lambar kiran mutumin Najeriya tana farawa da 5N, ta Nijar da 5U. Ita kanta 73 ɗin gaisuwar sallama ce a tsakaninsu, tun zamanin wayar tangaraho. Ƙungiyarsu ta Amurka, ARRL, an kafa ta a 1914, mujallarta QST ta fara fitowa a watan Disamba na 1915, kuma har yau tana fitowa. Akwai CQ da ta fara a 1945. Akwai wata mai suna Ham Radio da ta yi daga 1968 zuwa 1990. Yawancin masu rubutu a cikinsu ba wasu furofesoshi ba ne. Mutum ne zai gwada abu a bayan gidansa, in ya yi kyau ya zana, ya rubuta awo, ya aika a buga.

Tambayar da na fara yi wa kaina ita ce, me ya sa har yanzu ake farautar rubutun da ya shekara 50 ko 60? Wayar hannun da aka yi shekara 10 da suka wuce ma ai ta zama tarihi. Amsar da Kawu ya ba ni ita ce, kayan cikin rediyo sun canza, amma iska ba ta canza ba. Saƙon rediyo yana tafiya ne kamar igiyar ruwa, da gudun kilomita 300,000 a daƙiƙa, kuma kowace tasha da tsawon igiyarta. In kun taɓa jin ana cewa "gajeren zango mita 19" ko "mita 31", to tsawon igiyar ake faɗa. Ita kuma eriya tana kamawa da kyau ne in tsawonta ya dace da wannan igiya.

Ga lissafin da za ku tarar a kusan duk waɗannan mujallu. Eriya mafi sauƙi ita ce mai hannu biyu: waya ce miƙaƙƙiya da aka raba a tsakiya. Don samun tsawonta gaba ɗaya da mita, sai a raba 143 da lambar tashar a megahaz. Ɗauki Freedom Radio ta Kano da ke kan 99.5. In ka raba, za ka samu kusan mita 1.44, wato kowane hannu santimita 72. Sai ka samo irin kebul ɗin dish, ka ɗaura wayar tsakiyarsa a hannu ɗaya, ragar da ke kewaye a ɗaya hannun, ɗaya bakin kuma ya tafi rediyo. Shi ke nan. Na gajeren zango mita 19 kuwa, wajen megahaz 15 ne, don haka wayar za ta kai kimanin mita 9 da rabi. A mujallun Amurka za ku ga 468 maimakon 143, saboda su da ƙafa suke awo.

Amma fa a kula. Kada a kuskura a ja waya kusa da wayar wutar NEPA, ko ta samanta ko ta ƙarƙashinta. Da damina in hadari ya haɗo, a cire ta daga jikin rediyo saboda tsawa. Sannan sauraro kowa na iya yi, amma aika saƙo ta iska sai da lasisi.

To yanzu ga inda labarin ya zama na yau. A ƙarshen 2023 mujallar CQ ta daina fitowa, bayan shekara 78. In mujalla ta mutu, tsoffin shafukanta sukan zama marayu: babu mai sake bugawa, babu mai sayarwa, sai dai abin da ya rage a kwalayen mutane irin na Kawu. Masu wannan sha'awa sun hango haka tun da wuri. A 2022 aka buɗe wani sashe na musamman a Internet Archive mai suna DLARC, don tattara mujallu da littattafai da takardun ƙungiyoyin rediyo. Wata gidauniyarsu, ARDC, ita ta ba da kuɗin. Ita kuma ta samu kuɗinta ne a 2019, da ta sayar wa kamfanin Amazon wani kaso na adireshin intanet da aka ware wa 'yan rediyo tun farkon zamanin intanet. Wato dai abin da muke buɗewa kyauta, wani ne ya biya, wani kuma ya zauna ya yi sikanin shafi bayan shafi.

Sai dai shi ma rumbun bai tsira ba. A watan Satumba na 2024 Internet Archive ta faɗi a ɗaukaka ƙara a shari'arta da manyan kamfanonin buga littattafai, shari'ar da ta sa aka cire littattafai sama da 500,000 daga waɗanda take ba da aro. A watan Oktoba na wannan shekarar masu kutse suka afka mata, suka kwashi bayanan masu amfani da ita wajen miliyan 31, shafin ya yi kwanaki a rufe. Ga kuma wadda ta fi kusa da mu masoya waƙa: a 2023 manyan kamfanonin waƙa irin su Universal da Sony sun kai ta kotu a kan aikinta na adana tsoffin faya-fayan garmaho, sai a 2025 aka sasanta. Da a kwanakin da shafin yake rufe na je gidan Kawu, da hannu rabbana zan dawo.

In ka duba da kyau, hanya uku ce waɗannan tsoffin rubuce-rubuce suke bi. Ta farko irin ta 73, a buɗe ga kowa. Ta biyu irin ta QST: mai ita yana raye, ya adana komai tun daga 1915, amma sai ɗan ƙungiya mai biyan kuɗi zai shiga rumbun. Ta uku ita ce ta kwali da gara. Ni a ganina ta farko da ta biyu duk babu laifi, don ko an sa kuɗi, abin dai yana nan. Ta ukun ce asara, don ba mai riba a cikinta, ba marubuci ba, ba mai karatu ba.

To mu a wace hanya muke? Ku faɗi gaskiya. An yi Turmin Danya a 1990, wanda ake lissafawa a matsayin mafarin finafinan Hausa na bidiyo a Kano. Mu nawa ne muka taɓa ganinsa? Mujallar Fim ta fara fitowa a 1999. Kalmar Kannywood ma da muke ta faɗa kullum, a shafin mujallar Tauraruwa ta fara bayyana, daga alƙalamin Sunusi Shehu Daneji. Wa yake da wannan fitowar a hannunsa yanzu? Kasa-kasan da aka riƙa saya a Ƙofar Wambai da Bata, da fastocin da muka riƙa liƙawa a bangon ɗaki, ina suke? Kullum muna musu a Facebook da TikTok a kan wa ya fara kaza, wa ya rera waƙar fim kaza, amma da an ce kawo hujja sai kowa ya yi shiru. Su 'yan rediyo in musu ya tashi a kan wata eriya, sai wani ya ɗauko shafin, da wata da shekara, magana ta ƙare.

Kuma kada wani ya ce ai komai yana YouTube. A 2019 kamfanin MySpace ya amsa cewa waƙoƙin da mutane suka ɗora a shafinsa tsawon shekaru 12 sun salwanta, kimanin waƙa miliyan 50. Abin da yake wuri ɗaya kawai, yana iya tafiya a dare ɗaya.

Na san abin da wasu za su ce, kuma suna da gaskiyarsu: "Ba wannan kwafe-kwafen ne ya karya kasuwar fim ba?" Ƙwarai. Satar fasaha ta cuci furodusoshi da mawaƙa, mun ga yadda mutum zai zuba jarinsa, kafin ya mayar da uwar kuɗi fim ɗin ya zaga gari ta hannun 'yan turi. Ba na goyon bayan wannan ko kaɗan. Amma a raba tsakanin abin da yake kasuwa yanzu, mai shi yana jiran cinikinsa, da mujallar da ta shekara 20 babu ko kwafi ɗaya na sayarwa. Na farko in ka raba ka shiga haƙƙin mutum. Na biyu in ba ka adana ba, ya tafi har abada. Kuma ko a na biyun, in mai shi yana nan, a neme shi a nemi izini. Shari'o'in da na ambata a sama sun nuna cewa kyakkyawar niyya kaɗai ba ta isa kariya ba.

Akwai kuma ladabin da na lura da shi wajen waɗannan mutane: ba sa yanke sunan mai aiki. Akwai wata eriya da har yau ake kira G5RV, lambar kiran Baturen Ingilan da ya ƙirƙiro ta ce, Louis Varney. Sannan kun tuna eriyar talabijin mai kama da ƙashin kifi da ake kafawa a kan rufi kafin zuwan dish? Mutum biyu ne suka samar da ita a Jami'ar Tohoku ta Japan a 1926, Shintaro Uda da Hidetsugu Yagi. Uda ya yi kaso mai yawa na aikin, amma rubutun Yagi na Turanci a 1928 shi ya zaga duniya, sai aka wayi gari kowa yana cewa eriyar Yagi. Tsoffin takardu ne suke tuna wa mutane da Uda. Mu nan mawaƙa nawa ne suka rera waƙa, jarumi ya hau kanta a fim, har yau sunan jarumin ake kira?

Don haka ga roƙona. In akwai tsohuwar mujallar fim, ko fasta, ko kwalin kaset a gidanku, ku fito da su ku kakkaɓe. Ku ɗauki hoton kowane shafi a wuri mai haske, har da bango, kada a yanke suna, wata da shekara. Ku haɗa su a PDF, ku sa wa fayil ɗin suna mai ma'ana, ku ajiye a wuri biyu ko uku, ba a waya kaɗai ba. Takardar kuma a sa ta a leda, a ɗaga ta daga ƙasa. In za ku yaɗa, ku fara tuntuɓar masu ita.

Shi dai Kawu ya ja wayarsa daga darbejiyar ƙofar gida zuwa kan katanga, da asuba yana jin labarai tas. Shafukan nan 3 kuwa na buga masa su kwafi biyu, ɗaya a shagonsa, ɗaya a wurina. Da zan tafi ya ce, "Saura kai, ina mujallun nan naka da kake ɓoyewa a ƙarƙashin katifa kuna yara?" Wallahi ban iya ba shi amsa ba. Ranar Asabar zan je gida in duba ko gara ta bar min wani abu.