Sabuwar Shekara: Bege Ba Ya Hana Tanadi

Malam Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarmu mai farin jini domin in yi magana da 'yan'uwana Kirista na Daura da kewaye, har ma da maƙwabtanmu Musulmi, tunda dai kasuwa ɗaya muke ci, kuma tsada ba ta tambayar mutum addininsa.

Ni ɗan tireda ne. Kowane daren 31 ga Disamba mukan cika majami'a da waƙa da addu'a har sabuwar shekara ta shigo. Wannan abu ne mai kyau, domin ba don bangaskiya ba, da tuni zukatan wasunmu sun karaya. Abin da ke damuna shi ne yadda wasu baƙin masu wa'azi kan yi wa talakawa alkawari a daren, wai bana kowa zai yi arziki muddin ya zuba baiko mai tsoka. Na san wadda ta zuba jarinta na ƙosai kaf. Kafin damina ta faɗi, sai ga ta a bakin tireda tana neman bashin gishiri da sabulu.

Jama'a, mu duba inda wahalar nan ta samo asali. A farkon 2023 canjin kuɗi ya hana mu ganin takardar Naira. Ran 29 ga Mayu aka cire tallafin mai, litar da ba ta kai N200 ba ta haura N1,000 a ƙarshen 2024. A watan Agustan 2023 kuma aka rufe iyaka saboda juyin mulkin Nijar, hanyar Kwangwalam ta tsaya, kasuwar Mai'aduwa ta ji jiki, ba a buɗe ba sai Maris na 2024. A 2025 hatsi ya sauko, mai saye ya ɗan sarara, amma manomin Baure da Zango da Sandamu da ya sayi taki da tsada ya sayar da amfaninsa da araha. To, a cikin waɗannan wanne ne aka yi shawara da talaka? Babu. Abin da ya rage a hannunmu shi ne tanadi da riƙon juna.

Labarin Yusufu yana cikin Littafin Farawa, yana kuma cikin Alƙur'ani mai girma. Da Allah ya nuna masa shekara bakwai na yunwa suna tafe, ai hatsi ya tara tun a shekarun ƙoshi. Bangaskiyarsa ce ta sa shi cika rumbuna. Zomo dai ba ya kamuwa daga zaune.

Saboda haka ina ba da shawara kowace ikkilisiya ta keɓe wani abu daga baikon godiyar kaka ta sayi gero ta ajiye, domin gwauraye da marayu a tsakiyar damina, lokacin da rumbu kan ƙare. Zumuntar mata su ƙarfafa adashi, mai ƙaramin jari kuma kada a sa ta jin kunya don ta ba da kaɗan. In an zo rabo kada a tsallake gidan maƙwabci Musulmi, domin ni kaina lokacin ƙarancin kuɗi wani Alhaji ne ya ba ni kaya bashi, bai nemi ko shaida ba.

Ina kira ga shugabanninmu, kamar Bishop Gerald Mamman Musa, ɗan Malumfashi da aka ba riƙon sabon dayosis na Katolika na Katsina a 2023, da na ECWA da na ƙungiyar CAN, su tsawata wa masu cin guminmu da sunan annabci. Gwamnati kuma ta taimaka taki ya iso ƙauye kafin shuka, ba bayan gero ya yi kai ba.

Allah ya sa mu shiga shekarar lafiya, ya ba mu damina mai albarka, amin.

Naku,
Mai tireda a Daura, Jihar Katsina.