A Fara Buɗe Kunne Kafin a Sayi Lasifika

Jama'a, yau mun ɗan jingine zancen littattafai domin mu taɓo wata gardama da ake yi a kan ƙananan hukumominmu, wadda na ga ta shafi kowa, mai karatu da marubuci.

Tun daga ranar 11 ga Yuli, 2024, da Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa bai wa ƙananan hukumomi 774 na Nijeriya kuɗinsu kai tsaye, aka shiga lissafin abin da za a yi da kuɗin, duk da cewa aiwatar da hukuncin ya yi ta jan ƙafa. Wasu na cewa a ƙara kason yaɗa labarai, a sayi fili a rediyo, a kafa alluna, domin talaka ya san ana aiki. Wasu kuwa na cewa a'a, a fara bi gida-gida a tambayi mutane abin da ke damunsu. Masu ra'ayin farko sukan ce tambayar ɓarnar kuɗi ce, tun da kansila ɗan unguwa ne, ya san komai.

To ni dai ina tare da masu cewa a tambaya. Dalilina kuwa shi ne, rabon da a yi ƙidayar jama'a a ƙasar nan tun 2006, wadda aka shirya yi a 2023 ma ɗage ta aka yi. Yaron da aka haifa a shekarar waccan ƙidaya yanzu ya isa jefa ƙuri'a. Da wane lissafi shugaban ƙaramar hukuma zai san yawan ajujuwan da ake buƙata, ko unguwar da ta fi ƙishin ruwa? Kansila ya san masu zama a majalisarsa ne, amma bai san abin da matar da ke cikin gida take fama da shi ba in naƙuda ta kama ta da tsakar dare. Mai ɗaki ai shi ya san inda yake masa yoyo.

Tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙaramar hukuma kula da kasuwanni, tashoshin mota, kwashe shara, maƙabartu da rajistar haihuwa da mutuwa. Duk waɗannan a ƙofar gidan talaka suke, don haka tambayarsa ba sai an ɗauko ƙwararru daga Abuja ba. Ga masu unguwanni da dagatai, ga malaman firamare, ga matan da suka saba shiga gidaje lokacin rigakafi.

Ban ce a rufe ofishin yaɗa labarai ba. Amma kuɗinsa ya daina tafiya a taya murna da hoton shugaba. A yi amfani da shi a gaya wa mutane da Hausa: ga abin da kuka ce, ga nawa ya shigo, ga abin da za mu iya bana, ga wanda sai baɗi. Domin in aka tambaye ka sau ɗaya ba ka ga amsa ba, gobe ko sallamar mai tambaya ba za ka amsa ba.

Allah Ya ba shugabanninmu kunnen saurare, mu kuma Ya ba mu bakin faɗin gaskiya. Wassalam.