SHARHI: Gadon George Cadbury da makomar gidaje 753 na Lokogoma

A watan Disamba 2024 kotu ta mallaka wa Gwamnatin Tarayya rukunin gidaje 753 da ke Lokogoma, Abuja, bayan ƙarar da EFCC ta shigar. A watan Mayu 2025 hukumar ta miƙa su ga Ma'aikatar Gidaje, wadda ta ce za a kammala ginin a sayar wa jama'a. Sai dai tambayar da ta fi damun ma'aikacin da ke sammako daga Mararaba, Nyanya ko Suleja ita ce: bayan shekara goma, wa zai kasance a cikin gidajen nan?

Wani attajirin Ingila ya taɓa fuskantar wannan tambaya. Shi ne George Cadbury, wanda kamfanin danginsa ya ba mu Bournvita. A 1879, shi da yayansa Richard suka ɗauke masana'antarsu daga cunkoson tsakiyar birnin Birmingham zuwa bayan gari, suka raɗa wa wurin suna Bournville. A shekarun 1890 George ya sayi eka 120 da kuɗinsa, ya fara gina unguwa. Ƙa'idarsa ita ce kada gini ya ci fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na kowane fuloti, sauran ya zama lambu. An ware filayen wasa da wuraren shaƙatawa, kuma ko wanda ba ya aiki a kamfanin yana iya samun gida.

Da farko sayar da gidajen ya yi a farashi mai rahusa. Ba a jima ba wasu daga cikin masu saye suka sake sayarwa da riba, alherin da aka nufi talaka da shi ya koma aljihun ɗan kasuwa. Ganin haka, a 1900 ya cire hannunsa daga dukiyar, ya damƙa eka 330 da gidaje 313 ga wani kwamitin amintattu mai zaman kansa, da sharaɗin a riƙa mayar da rarar kuɗin haya wajen gyara da ƙarin gini. Cadbury ya rasu a 1922. A 2010 kamfanin Kraft na Amurka ya saye kamfanin Cadbury, amma cinikin bai shafi amanar unguwar ba, domin tun tuni ta fita daga hannun kamfani. Har yau kwamitin yana bayar da hayar gidaje ga masu ƙaramin ƙarfi.

Tsarin yana da nasa aibi. Mai kuɗi ne ya shata wa mazauna yadda za su rayu bisa aƙidarsa, kuma unguwa ɗaya ba ta magance ƙarancin gidajen birni guda. Duk da haka darasin a bayyane yake: rahusar da aka yi a ranar sayarwa kan ƙare da mai saye na farko.

Abuja ta san wannan. Bayan tsarin mayar da alawus-alawus zuwa kuɗi na 2003, an sayar da gidajen gwamnati ga ma'aikatan da ke ciki. Sun amfana, amma wanda aka ɗauka aiki daga baya ya tarar da rumbu babu hatsi. Ana cire masa kashi 2.5 na albashinsa zuwa Asusun Gidaje na Ƙasa, alhali hayar cikin gari ta fi ƙarfinsa.

Don haka kafin a buga gwanjon Lokogoma, ko a raba gidaje 3,112 da aka aza harsashinsu a Karsana a Fabrairu 2024, ya dace a ware wani kaso a ƙarƙashin amintattu, a hana sayar da shi, a bayar da haya daidai da albashi, a kuma kare filin makaranta, asibiti da kasuwa daga masu yanka fuloti. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu, sunansa waƙafi. Hadiman da ke rubuta wa ministoci takardun shawara su ne za su fara saka wannan sharaɗi a takarda, kuma da yawansu haya suke biya.