FILIN LAMBU: Takalmin Zomo, Furen Tambarin Nijeriya

Duk wanda ya dubi tambarin Nijeriya, wanda aka yi tun 1960, zai ga fararen dawaki biyu tsaye a kan ciyawa mai furanni. Kaɗan ne suka san cewa furen nan shi ne wanda Hausawa ke kira takalmin zomo, masana kuwa suna ce masa Costus spectabilis. Likita J. M. Dalziel ya rubuta sunansa cikin littafinsa na sunayen tsirrai da Hausa a 1916. A tambarin an zana shi ja, alhali kuwa rawaya ne.

Tsiro ne na dajin tsakiyar ƙasar nan, irin na kewayen Jigwada a ƙasar Keffi. Ba ya yin kara. Ganye huɗu yake fitarwa masu faɗi, su kwanta a ƙasa, fure ya fito daga tsakiyarsu. Kowane fure ba ya daɗewa, amma wani na bin wani.

To, ga inda gizo ke saƙa. Keffi ba ta da nisa da Abuja, gine-gine sai ƙaruwa suke yi, ga kuma maganin kashe ciyawa da manoma ke fesawa, wanda ba ya bambanta fure da ciyawa. In ba a ba shi wuri a lambu ba, yaro zai tashi bai san shi ba sai a takarda.

Shukarsa ba wuya. Saiwarsa ake dasawa, kamar ta citta. A ƙarshen bazara, wajen Afrilu, sai a gutsuro yanki mai ido, a bar sauran inda yake. A binne shi sama-sama a gindin itace mai inuwa kaɗan, cikin ƙasa mai ruɓaɓɓen ganye wadda ruwa ba ya kwanciya a kanta. A ba da tazara, domin ganyen na son wurin baje kansa.

Da kaka ta yi ganyen zai bushe ƙurmus. Kada mai lambu ya ɗauka ya mutu, barci yake yi. A daina ba shi ruwa, don jiƙa da rani kan ruɓar da saiwar. A kafa ƙaramin turke a wurin saboda masu fartanya, a kuma tsare shi daga awaki. Ruwan farko na sauka zai farka.

Ya kamata shugabannin makarantun firamare na Jigwada su keɓe masa kwali ɗaya a lambun makaranta, yara su ga furen ƙasarsu da idonsu.