Mintunan da ke ceton ƙwaƙwalwa: Daga Ruwan Bago zuwa ɗakin gaggawa

Idan mummunan hatsarin mota ko na babur ya rutsa da mutum a Ruwan Bago da ke Ƙaramar Hukumar Rogo, ko a ƙauyukan Karaye, abin da kowa zai fara tunani shi ne a garzaya da shi Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko Asibitin Ƙwararru na Murtala Muhammad, ko kuma Shika a Zariya. Sai dai tsakanin Rogo da birnin Kano akwai tafiyar kimanin kilomita 100, ita kuwa ƙwaƙwalwar ɗan Adam ba ta jiran tafiya irin wannan.

Ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ba, amma ita ke cinye kusan kashi 20 na iskar oksijin da jiki ke amfani da ita, kuma ba ta da ma'ajiya. Da zarar iskar ta yanke na minti 4 zuwa 6, ƙwayoyinta sun fara mutuwa. Mutum zai iya tsira da ransa, amma ya rasa magana, ko tafiya, ko hankalin da yake ciyar da iyalinsa da shi.

A lokacin da numfashin majinyaci ya gaza, likitoci kan zura masa bututu ta baki zuwa maƙogwaro domin a hura masa iska. Aikin na ceton rai ne, amma yana da haɗarinsa, domin kafin a sa bututun sai an ba shi maganin sa barci da mai sassauta tsoka, wanda ke tsayar da numfashinsa gaba ɗaya. Daga wannan lokaci har bututu ya shiga, da ɗan oksijin da ya rage a huhunsa kawai yake rayuwa. Wanda ciwon huhu ko zubar jini ya riga ya galabaitar, guzurinsa na iya ƙarewa cikin ƙasa da minti guda. Ga wanda ya bugu a ka kuwa, likitoci sun daɗe da sanin cewa faɗuwar oksijin ko ta hawan jini, ko da sau ɗaya ne, na ƙara yiwuwar mutuwa ko naƙasa.

Wani bincike da mujallar JAMA ta wallafa a 2021 ya bibiyi majinyata 2,964 a ƙasashe 29. Kashi 45 daga cikinsu sun gamu da babbar matsala a lokacin sa bututun. Oksijin ɗin kashi 9 ya yi mummunar faɗuwa, zuciyar kashi 3 kuma ta tsaya. A 2024 wani gwaji da aka yi kan majinyata 1,301 a Amurka ya nuna cewa shiri na rage haɗarin. Waɗanda aka fara cika wa huhu da na'ura mai tura iska da ƙarfi, kashi 9.1 ne oksijin ɗinsu ya faɗi, alhali a waɗanda aka sa wa abin rufe hanci da baki na yau da kullum adadin ya kai kashi 18.5.

Darasin a nan shi ne, mintunan da ke gaban sa bututu su ne suka fi muhimmanci, kuma a nan ne matsalarmu take. Rahoton kwamitin da mujallar Lancet Global Health ta kafa kan iskar oksijin, wanda ya fito a watan Fabrairun 2025, ya ce a Afirka kudu da Sahara kashi 91 na masu buƙatar oksijin don jinya ko tiyata ba sa samu. Jihar Kano ta ga abin da toshewar numfashi ke yi a annobar mashaƙo da ta ɓarke a ƙarshen 2022, inda ta fi kowace jiha yawan waɗanda suka kamu, akasarinsu yara.

Akwai kuma batun 'yar na'urar da ake maƙala wa yatsa domin auna oksijin a jini. Tana da araha, kuma ita ce idon ma'aikacin jinya. Amma binciken Jami'ar Michigan na 2020 ya gano cewa takan kasa gano ƙarancin oksijin a baƙar fata kusan ninki uku fiye da a farar fata. Don haka ba kowace aka tsinta a kasuwa ce ta dace da asibitinmu ba, kuma dole ma'aikaci ya haɗa lambar da ya gani da yanayin majinyaci.

Ba a rasa doka ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta ƙin karɓar majinyacin gaggawa, ta kuma ware kashi 5 na Asusun Samar da Kiwon Lafiya a Matakin Farko domin jinyar gaggawa. Abin tambaya shi ne ina kuɗin ke sauka. Gwamnatoci sun fi son sayen manyan na'urorin numfashi da za a yanke wa kirtani a birni, amma na'urar ba ta da amfani ga wanda ƙwaƙwalwarsa ta lalace tun a hanya.

Abin da asibitocin karkara ke buƙata bai kai haka tsada ba: tukunyar oksijin da ba ta zama fanko, wutar sola da za ta riƙe injin tace oksijin, jakar hura iska da hannu, abin zuƙe majina da jini, da ma'aikacin da ya ƙware. Wanda ya iya buɗe hanyar numfashi da hura iska da jaka zai iya riƙe majinyaci har birni, sau da yawa cikin aminci fiye da wanda zai yi ta gwada sa bututu ba tare da ƙwarewa ba.

Rigakafi, in ji Hausawa, ya fi magani. Ya kamata 'yan kasuwar da ke bin hanyar Karaye da Rogo, da ma'aikatan da ke rubuta kasafin kuɗi, da kwamitocin raya mazaɓu, su riƙa tambaya a kowane asibiti: akwai oksijin a daren yau, kuma wane ne ke bakin aiki da ya iya amfani da shi?